Tufafin 'Yan Filifin da Zaman Gidansu a Farkon Ƙarni na 20

Wane irin kaya suke sawa a lokacin?

Ya danganta da yanki da ƙarfin aljihu. Kayan fitar mace a Manila da kewaye kashi huɗu ne: riga shara-shara mai faffaɗan hannu, siket har ƙasa, ɗan zanin da ake ɗaurawa a kan siket mai suna tapis, da ƙyallen da aka sa wa sitaci ake yafawa a kafaɗa. Namiji kuwa barong Tagalog yake sawa, riga mai aiki a ƙirji wadda ba a cusa ta cikin wando. Manomi yana da faffaɗar malafarsa, salakot. A kudu, Musulmin tsibirin Mindanao irin su ƙabilar Maranao suna ɗaura malong, zanin da aka haɗe bakinsa biyu da ɗinki.

Da gaske ne da ganyen abarba ake saƙa wasu?

Ƙwarai kuwa, piña ake kiran yadin, kuma shi ya fi burge ni. A tsibirin Panay, musamman lardin Aklan, ana yanko ganyen abarba a kankare shi da fasasshen faranti har zaren ciki ya bayyana, siriri kamar gashin kai. A wanke, a shanya. To, zaren gajere ne, don haka sai a zauna a ƙulla shi ɗaya bayan ɗaya da hannu kafin ya kai ga masaƙa. Aiki ne na haƙuri da mata suka fi yi a cikin gida, 'ya tana koyo a gefen uwarta. Daga nan masu surfani a garuruwa irin su Lumban da Taal su ƙawata shi. Tsadarsa ta sa mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya ga auduga ko zaren abaka, wata shuka dangin ayaba. A 2023 UNESCO ta sa saƙar Aklan cikin al'adun da duniya ta gada.

Me zuwan Amurkawa ya sauya?

A 1898 Sifaniya ta miƙa wa Amurka ƙasar a kan dala miliyan 20. A 1901 jirgin ruwa mai suna Thomas ya kawo malaman makaranta kimanin 500, Turanci ya shiga aji. Maza masu aikin ofis suka koma farar kwat da suke kira americana. Mata ba su yi saurin sakin nasu ba; gyara shi suka riƙa yi, hannun riga yana ƙara miƙewa kamar fiffiken malam-buɗe-littafi, har aka samu terno. Shi ya sa a hoton iyali na lokacin za ka ga maigida cikin kwat, uwargida kuwa cikin kayan gado. Barong ta sake samun daraja sosai da Ramon Magsaysay ya sha rantsuwar shugabanci sanye da ita a 1953.

Yaya zaman iyali yake a lokacin?

Gida na haɗa kaka da jika. A ƙauye ɗakin gora ne bisa turaku, bahay kubo, kuma idan za a tashi, maƙwabta kan yi gayya su ɗauke shi ɗungurungum a kafaɗa. Yaro idan ya shigo sai ya kama hannun babba ya ɗora a goshinsa, ya ce "mano po". Ba a kiran wa ko ya da suna tsura, sai an sa kuya ga namiji ko ate ga mace a gaba. Kuɗin gida galibi a hannun uwa yake. Saurayi mai neman aure kuwa, a karkara yakan yi wa iyayen yarinya hidima, ya ɗebo ruwa, ya faskara itace, suna lura da halinsa kafin manyansa su zo neman aure.