Dajin al'umma: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita min

Wai mene ne dajin al'umma ɗin nan?

Daji ne da mutanen da ke zaune a gefensa suke tsarewa, su sa dokar sara da kiwo, su ci amfaninsa. Shi ke nan.

Turawa ne suka kawo shi ko?

Haba don Allah ku daina faɗin haka. Tun kafin zuwansu garuruwa ke da kurmin da ba a sa masa gatari. Ko sassaben zamani na Maradi, wanda ake barin kututture ya yi toho a rage masa rassa a bar biyu ko uku, eh wani Bature masanin noma, Tony Rinaudo, ya tallata shi a shekarun 1980, amma manoma ne suka yaɗa shi gona zuwa gona, har mutanen Humbo a Habasha suka ɗauka.

To mu kwafo tsarin Nepal mana tunda ya yi aiki?

Nan ne sai a hankali. Ana iya koya, ban ce kar a je a gani ba, amma ya danganta. Abin da ya riƙe Nepal dokar daji ce ta 1993 da ta ba ƙungiyoyin ƙauye ikon kula da daji da sayar da amfaninsa kuɗin ya zauna a asusunsu, sannan a 1995 suka haɗu suka kafa babbar ƙungiyarsu ta ƙasa mai suna FECOFUN, duk sanda gwamnati ta so janye ikon sai su taso mata. Wanda aka kai ziyara Nepal yakan dawo da hotunan bishiyoyi da tsarin kwamiti, dokar kuwa da wannan haɗin kan ba sa shiga jaka. Kamaru ma ta yi doka a 1994, ta ba al'umma damar neman daji har hekta 5,000, amma takardun da kuɗin rubuta tsarin kula da dajin sun fi ƙarfin ƙauye, a wurare da dama sai 'yan katako suka biya suka kwashe itacen. Don haka kafin komai ku tambaya, wa ke sa hannu a izinin sara? In har malamin daji ne shi kaɗai, da saura. Wani lokacin kuma matsalar a cikin gida take, manya su cika kwamiti, matan da ke ɗauko itacen girki da makiyaya ba a ma gayyace su ba.

Kuɗin kabon na REDD+ fa?

REDD+ tsari ne na biyan kuɗi don a bar daji a tsaye ya riƙe iskar kabon mai ɗumama duniya, tun taron sauyin yanayi na 2007 a Bali ta Indonesiya ake maganarsa. Kar ku sa hannu a yarjejeniyar da ba a karanta muku da harshenku ba, ku ji shekara nawa ce kuma wa zai karɓi kuɗin.

Mun makara kenan?

A'a, ku kwantar da hankali. Kututturen da saiwarsa ke da rai, damina ɗaya za ku ga toho.