Kusheyin mutanen da a Azawak da Abzin

Kusheyin mutanen da su ne tsibin duwatsun da ake gani birjik a arewacin jihar Tawa, cikin kwarin Azawak, har zuwa Igazar da duwatsun Abzin. Abzinawa na ce musu idebnan. Baƙo kan ɗauka tarin dutse ne kawai, alhali galibinsu da mutum a ƙarƙashi, kwance a gefe ɗaya, an naɗe masa ƙafafu.

Siffarsu ba ɗaya ba ce. Akwai mai kama da tulluwa, akwai mai shimfiɗaɗɗen bisa, akwai wanda aka yi wa hannuwa biyu kamar jinjirin wata. François Paris, masanin kayan tarihi na cibiyar binciken kimiyya ta Faransa ORSTOM, wanda ya yi shekaru yana haƙa a yankin, musamman a Iwelen cikin Abzin, ya nuna cewa wasunsu sun haura shekara 5,000, kuma ba a bar wannan salon bizo ba sai da Musulunci ya kafu.

Abin da ya tsare su tsawon zamani shi ne kwarjini. Makiyaya ba sa taɓa su, wasu ma kan kwana a kansu don neman mafarkin da zai ba su labarin wanda ya yi nisa. Yau kuwa akwai masu tono da zaton dukiya, akwai masu kwasar dutsen don gini. Da wuya mai tono ya samu abin da ya wuce ƴan duwatsun wuya da fasasshiyar tukunya, amma da zarar ƙashi ya gusa daga makwancinsa, masana sun rasa abin karantawa.

Nijar ta ga irin wannan a Bura, kusa da Tera, inda Boube Gado na cibiyar binciken tarihi da al'adu IRSH ta Yamai ya tono maƙabartar tuluna a 1983. Bayan an baje kolin kayan a Faransa a 1993, ɓarayi suka far wa kufan yankin, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ta yi kira kada a saya a 2000.

Doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta hana haƙa ko fitar da kayan tarihi ba da izini ba, kuma gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai na adana wasu daga cikin abubuwan da aka tono. Sai dai daga Yamai zuwa Tasara, can cikin Azawak, tafiya ce mai nisa, kuma mai ganin kushewar kullum shi ne makiyayin da ke wucewa da raƙumansa.