Me Ake Nufi da “Ranar Ubangiji”?

Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoban 2023, musamman kuma bayan da Isra'ila da Iran suka shafe kwana 12 suna yi wa juna luguden wuta a watan Yunin 2025, kalmar “ranar Ubangiji” ta cika bakin masu wa'azi a rediyo da masu sharhi a Facebook da TikTok. Da zarar an nuna makami mai linzami yana keta sararin samaniya, sai ka ji wani ya jawo aya daga littafin Annabi Yowel ko na Annabi Zafaniya a Littafi Mai Tsarki, ya ce ga ranar nan ta iso, kuma kusan kullum mai maganar ya riga ya san wanda za ta faɗa wa, wato ɓangaren da ba ya ƙauna. Ba zan tsaya a kan masu kiran Lahadi da wannan suna ba, domin wannan al'ada ce dabam da ta samo asali daga Kiristocin farko, kuma ba ta cutar da kowa. Abin da yake damuna shi ne yadda aka mai da kalmar makamin jifan abokin gaba, alhali mutumin da ya fara barin mana ita a rubuce, wato Annabi Amos, mutanensa ya tsawata wa da ita.

A Ibrananci kalmomi biyu ne: “yom”, wato yini, da sunan Allah mai harufa huɗu wanda Yahudawa ba sa furtawa, sai su ce “Adonai”, wato Ubangiji, a madadinsa. Mai jin Hausa yakan ɗauka nan take cewa ranar alƙiyama ake nufi, amma a yawancin wuraren da annabawan Ibraniyawa suka ambace ta, magana suke yi a kan wani abu da zai auku a cikin tarihi, a wani gari mai suna, ga wasu mutane sanannu. Irmiya ya kira ranar da rundunar Fir'auna Neko ta sha kashi a Karkemish, a bakin kogin Furatu, a shekara ta 605 kafin haihuwar Almasihu, ranar Ubangiji Mai Runduna. Ishaya sura ta 13 ta ɗora ta a kan Babila, Ezekiyel sura ta 30 a kan Masar, Obadiya a kan Edom. Yowel kuwa ya gan ta a cikin farin dango da suka cinye gonaki, abin da wani rukuni ya rage wani ya zo ya lashe, har hatsi da ruwan inabin da ake miƙawa a Haikali suka yanke. Littafin Makoki, wanda yake kukan rushewar Urushalima a hannun Nebukadnezzar sarkin Babila wajen shekara ta 586, yana maganar ranar fushin Ubangiji a matsayin abin da ya riga ya faru. Daga baya ne, a ƙarshen Yowel da Zakariya da Malakai, ma'anar ta faɗaɗa ta kama hanyar hukuncin dukan al'ummai, sannan Sabon Alkawari ya haɗa ta da dawowar Almasihu. Wanda ya fahimce ta a matsayin ranar ƙarshe bai yi ƙarya ba, sai dai ya kama reshe ya bar tushe.

Tushen yana wurin Amos. Makiyayi ne daga Tekowa, wani ƙauye a kudu da Baitalami a ƙasar Yahuza, yana kuma kula da itatuwan ɓaure, sai ya haura arewa zuwa masarautar Isra'ila a zamanin Sarki Yerobowam na biyu, wajen shekara ta 760 zuwa 750 kafin haihuwar Almasihu. Zamani ne na wadata. Yerobowam ya yi shekara 41 a kan mulki, ya maido da iyakokin ƙasar da aka ƙwace, masu hali suna gina gidajen sassaƙaƙƙun duwatsu suna kwana a gadajen da aka yi wa ado da hauren giwa, kuma masu tonon kayan tarihi da suka haƙa Samariya a shekarun 1930 sun tarar da ɗaruruwan gutsattsarin irin wannan hauren da aka sassaƙa. A cikin wannan jin daɗin ne Amos ya ce kaiton masu marmarin ranar Ubangiji, ya tambaye su me za su yi da ita, tunda duhu ce ba haske ba.

Tambayar kanta ta nuna cewa ba shi ya ƙirƙiro kalmar ba. Jama'a sun san ta, suna ɗokinta, suna jiran ranar da Allahnsu zai sauko ya tarwatsa maƙiyansu kamar yadda kakanninsu suka ba da labarin abin da ya sami Madayanawa a zamanin Gidiyon. Masanin nan Bajamushe Gerhard von Rad ya ce asalin kalmar yana cikin tsofaffin labaran yaƙin da aka yi imani Allah ne da kansa yake yi wa Isra'ila, Sigmund Mowinckel na ƙasar Norway kuwa ya danganta ta da wani bikin shekara-shekara na shelar sarautar Allah. Ko wanne aka bi, ma'anar da take bakin mutanen Betel, garin ibada inda Amos ya yi wa'azi, ɗaya ce: ranar tamu ce, bala'in nasu ne. Amos sai ya kawo misalin mutumin da ya tsere wa zaki ya yi kiciɓis da beyar, ya samu da ƙyar ya faɗa ɗakinsa, ya dafa bango da hannu yana mayar da numfashi, maciji ya sare shi. Gudun gara ke nan an faɗa gidan zago, sai dai misalin Amos ya fi ɗaci, domin saran ya same shi a cikin gidansa, wurin da ya tabbata ya tsira, kuma ga masu sauraronsa gidan nan shi ne ibadarsu da zaɓen da suke taƙama Allah ya yi musu.

Yana da kyau a dubi yadda aka tsara surori biyu na farkon littafin, domin a nan ne masu yaɗa ayoyi a intanet suka fi yin ɓarna. Amos ya fara da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, kowanne da laifinsa. Dimashƙu ta sussuke mutanen Gileyad da masussukan ƙarfe. Gaza ta kwashe al'umma sukutum ta miƙa wa Edom, Taya ma ta yi haka ta manta da alkawarin 'yan'uwantaka. Ammonawa sun farke cikin mata masu juna biyu don su faɗaɗa iyakarsu. Mowab ta ƙone ƙasusuwan sarkin Edom har suka zama toka, laifin da ko kusa bai shafi Isra'ila ba, wanda yake nuna cewa ma'aunin a nan zalunci ne, ko wa aka yi wa. Ana iya hasashen yadda taron yake gyaɗa kai duk lokacin da aka ambaci wani maƙiyi. Daga nan ya sauko kan Yahuza, sannan ya tsaya a kan Isra'ila, kuma a nan ne ƙarar ta fi tsawo: sun sayar da mai gaskiya saboda azurfa, sun sayar da matalauci a kan takalmi ƙafa biyu, suna shimfiɗa rigunan da talakawa suka ba da jingina suna kwanciya a kansu a gindin bagadai. A surorin gaba ya ƙara da cin hanci a ƙofar gari inda ake shari'a, da 'yan kasuwar da suke ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe rumbu, su tauye mudu, su yi algus a ma'auni, su haɗa da ƙaiƙayi su sayar. Wanda ya yanko ayar Gaza kaɗai ya liƙa a ƙarƙashin hoton gidajen da bam ya rusa ya ɗauki gabatarwar wa'azin ya jefar da wa'azin. Ya kuma manta cewa Gazan Amos birnin Filistiyawa ne na dā, mutanen da labarinsu a matsayin al'umma ya shuɗe bayan yaƙe-yaƙen Nebukadnezzar, wanda ya rushe Ashkelon a shekara ta 604.

Ni a ganina aya mafi nauyi a littafin ita ce ta biyu a sura ta 3, inda Allah yake cewa su kaɗai ya sani a cikin dukan kabilan duniya, saboda haka zai hukunta su a kan laifofinsu. Mai sauraro yana jiran a ce saboda haka zai kāre su, sai aka juya masa maganar. Amaziya, firist na Betel, ya gane haɗarin wannan magana sarai, shi ya sa ya aika wa sarki cewa Amos yana ƙulla makirci kuma ƙasar ba za ta iya ɗaukar kalamansa ba, sannan ya ce masa ya koma Yahuza ya nemi abincinsa a can, domin Betel wurin ibadar sarki ne. Ba a cika shekara 40 ba Assuriyawa suka ci Samariya, wajen 722, kuma Sarki Sargon na biyu ya rubuta cewa ya kwashe mutum fiye da 27,000 daga cikinta. Zafaniya, a zamanin Sarki Yosiya, ya bi wannan sawun: yana da ayar da ta ce za a bar Gaza kufai, amma surarsa ta farko a kan Urushalima ta fi tsanantawa, inda Allah yake cewa zai bi birnin da fitilu yana binciko waɗanda suka miƙe ƙafa suna cewa Ubangiji ba zai yi alheri ba, ba zai kuma yi sharri ba.

Akwai rabi na biyu na wannan ruɗani, wato maganar maidowa, alkawarin da Allah ya yi na komo da mutanensa bayan hukunci. Gaskiya ne kusan babu littafin annabci da ya ƙare a kan toka. Yowel ya yi alkawarin za a rama wa mutane shekarun da fari suka cinye, Ezekiyel ya ga kwari cike da busassun ƙasusuwa suna haɗuwa suna rayuwa, har littafin Amos ya rufe da sake ta da bukkar Dawuda da ta faɗi, ko da yake masana da yawa suna ganin an ƙara wannan sashen ne bayan an kai mutane bauta. Matsalar ita ce ana tsinko waɗannan alkawura kamar ba su da abin da ya gabace su. Ayar Irmiya 29:11, wadda take maganar shirin alheri da Allah yake yi wa mutanensa, ana rubuta ta a katunan gaisuwa da jikin motoci, amma wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka riga aka kwashe zuwa Babila a shekara ta 597, kuma abin da ta gaya musu shi ne su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su roƙa wa birnin da ya ci su da yaƙi zaman lafiya, domin sai shekara 70 ta cika. Yawancin waɗanda suka ji an karanta ta ba za su sake ganin Urushalima ba. A lokacin akwai wani annabi, Hananiya, wanda ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya a gaban jama'a a Haikali, ya ce cikin shekara biyu za a dawo da kayan Haikali da sarkin da aka kama. Irmiya ya amsa masa cewa karkiyar ƙarfe ce za ta maye gurbinta. Duk wa'azin da yake sayar da maidowa ba tare da hukunci ba, wa'azin Hananiya ne, ko da ayar Irmiya aka buɗe shi.

Irin begen da Irmiya ya nuna yana da tsada. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, shi kuma yana tsare a farfajiyar masu gadin fada, sai ɗan baffansa Hanamel ya zo masa da tayin gona a Anatot, garinsu. Ya auna masa shekel 17 na azurfa, ya rubuta takardar ciniki a gaban shaidu, ya hatimce ɗaya ya bar ɗaya a buɗe, ya ba magatakardansa Baruk ya ce a sa su a tukunyar ƙasa don su daɗe, domin wata rana za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Bai ce birnin ba zai faɗi ba. Kalmar Ibrananci da annabawa suke yawan amfani da ita a nan, “shub”, tana ɗauke da tuba da komowa gida da mayar wa mutum abin da ya rasa, irin yadda malaman lugar Larabci suke cewa asalin tauba komawa ce, kuma a wurinsu ba a raba waɗannan ma'anoni. Waɗanda Zafaniya ya ce za su ragu a birnin kuwa masu tawali'u ne da matalauta, ba manyan da suka jawo bala'in ba.

Da maidowar ta zo, ta hannun baƙo ta zo. Sairus sarkin Farisa, wato ƙasar Iran ta yau, ya ci Babila a shekara ta 539, ya ba Yahudawa izinin komawa, kuma Ishaya 45 ta kira shi shafaffe na Ubangiji. An gama Haikali na biyu wajen 515, a wani ɗan lardi da yake ƙarƙashin Farisa, babu sarki daga zuriyar Dawuda, har tun ana cikin ginin Annabi Haggai ya tambayi dattawan da suka ga na farko ko wannan bai zama kamar ba kome ba a idonsu. Alkawarin ma ba na Isra'ila kaɗai ba ne. Irmiya, bayan ya yanke wa Mowab da Ammon da Elam hukunci, ya rufe kowanne da cewa za a komo da su daga baya, kuma masu jawo ayoyin Elam, tsohuwar ƙasa a kudu maso yammacin Iran ta yau, a kan Iran ba kasafai suke karantawa har aya ta 39 ta sura ta 49 ba. Ishaya 19 ta wuce nan: ta ce za a yi babbar hanya daga Masar zuwa Assuriya, ƙasashe biyun da suka fi gasa wa Isra'ila aya a hannu, Allah ya sa musu albarka tare, ya kira Masar mutanensa, Assuriya aikin hannuwansa, Isra'ila kuma gādonsa, ita ce ta uku a jerin.