Zaftarewar dusar ƙanƙara: tambayoyin masu fita hutun hunturu daga Saudiyya

Sanyi na kamawa hotunan Tabuka ke cika wayoyi: raƙuma tsaye kan farar ƙasa, motoci sun yi jerin gwano zuwa dutsen Jabalul Lauz. Daga nan sai wasu 'yan'uwanmu na Makka da Jidda su yanki tikitin Jojiya ko Turkiyya. Ga abin da suka fi tambaya.

Dusar Tabuka ma tana iya zaftarowa ta binne mutum?

Da wuya ƙwarai. Dutsen ya haura mita 2,500, amma abin da ke sauka kansa ba kauri, kwana kaɗan rana ta lashe shi. Abin tsoro can santsin titi ne da hazo da sanyin dare. Illar dusar Tabuka ɗaya, wanda ya yi wasa da ita sai ya ɗauka ya san dusa, alhali ta tsaunukan Gudauri a Jojiya daban take.

To me ke sa ta zaftaro?

Inda dusa ke wata da watanni ba ta narke ba, hawa-hawa take taruwa. Wani hawan yakan zama garin ƙanƙara marar danƙo, musamman bayan darare masu tsananin sanyi da sama ta washe. Sai sabuwa ta sauka a kai, iska ta danne ta ta zama falle guda. Kamar tabarma ce aka shimfiɗa kan tsabar gero a gangare: kana takawa ta tafi da kai. Fallen na tsagewa lokaci ɗaya, gudunsa yakan wuce kilomita 100 a awa. An fi samun haka a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, wato dai wanda masu wasan zamiya suka fi so.

Gaskiya ne ihu yana tayar da ita?

A'a, zancen fim ne. Nauyin mutum ke tayar da ita. Kusan tara cikin goma na haɗurran da ake rasa rai, wanda abin ya ci ko abokin tafiyarsa ne ya taka wurin.

Yaya baƙo zai gane akwai haɗari?

Da ido kaɗai ba zai gane ba, don sama lumui take, ɓarnar na ƙasa. Amma in ka ji ƙasa ta yi "bum" ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka, ko tsaga ta ruga daga bakin takalminka, ko ka hango inda ta zaftaro kwanan nan, juya kawai. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan dusa mai yawa da iska su ne mafi muni. Ƙasashen Turai na da ma'aunin haɗari daga 1 zuwa 5. Kada mataki na 3 ya ruɗe ka da cewa tsaka-tsaki ne. A Suwizalan kusan rabin masu mutuwa a ranakunsa suke mutuwa, don a 5 kowa na ɗaki.

In ta binne mutum fa?

Da ta tsaya sai ta sandare, ko yatsa ba ya motsuwa. Wanda aka tono cikin minti 15, kusan tara cikin goma suna rayuwa. Bayan minti 35 abin ya koma wajen kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa ƙwararru ba sa fita sai da na'urar gano wanda aka binne, da dogon sandan caka dusa, da shebur. Masu ceton ma ba su tsira ba: a Fabrairun 2020, a lardin Van na Turkiyya, zaftarewa ta biyu ta faɗo wa masu neman waɗanda ta farko ta binne, gaba ɗaya mutum sama da 40 suka rasu.

Ni hoto kawai zan ɗauka da iyali, ya shafe ni?

Ya shafe ka, Alhaji. Cikin filin wasan zamiya ma'aikata kan tayar da dusar da gangan da abin fashewa kafin a buɗe, amma bayan igiyar da suka ja ba wanda ya taɓa ta, kuma can ne hoto ya fi kyau. Kada ka tsallake igiyar. Kada kuma direba ya tsayar da ku shan shayi a gindin gangare ko bakin kwari, in an rufe hanya a jira a buɗe.