Iela Mari

Iela Mari, wadda sunanta na yanka Gabriela Ferrario, mai zane ce kuma mai tsara littattafai 'yar ƙasar Italiya. An haife ta a birnin Milan wajejen 1931, ta rasu a 2014. An fi saninta da littattafan hoto na yara waɗanda babu rubutu ko kalma ɗaya a cikinsu.

Rayuwarta

Ta yi karatun zane a makarantar fasaha ta Brera da ke Milan, inda ta haɗu da Enzo Mari, wanda daga baya ya shahara wajen tsara kayan amfanin gida. Sun yi aure a 1955, suka haifi 'ya'ya biyu, ciki har da marubuci Michele Mari. Auren ya mutu a tsakiyar shekarun 1960.

Ayyukanta

Kamfanin Emme Edizioni, wanda Rosellina Archinto ta kafa a Milan a 1966, shi ya buga galibin littattafanta. A 1967 aka fitar da littafinta Il palloncino rosso (Jan balan-balan). A shafin farko yaro ne ke hura cingam ja, sai kumfar ta kuɓuce ta tashi sama ta zama balan-balan. Daga nan ta maƙale a reshe ta koma tuffa, tuffar ta faɗo ta tsage ta zama malam-buɗe-littafi, sai fure, a ƙarshe ta zama laima a hannun yaron. Ja ne kaɗai launin da ke cikin littafin, sauran duk siririn baƙin layi ne a kan farar takarda. Ƙarfin aikinta yana nan: yaron da bai iya karatu ba zai bi labarin da idonsa, ya kuma ba da shi da bakinsa.

Tare da Enzo Mari ta yi La mela e la farfalla (Tuffa da malam-buɗe-littafi), mai nuna tsutsa tana girma a cikin tuffa, ta fito ta naɗe kanta, ta yi fukafukai, ta sa ƙwai a cikin furen itacen, labarin ya sake komawa farko. Bugun Emme ya fito a 1969, kuma littafin ya ci kyautar adabin yara ta ƙasar Jamus a 1971. L'uovo e la gallina, kan yadda ɗan tsako ke girma a cikin ƙwai, shi ma aikinsu ne su biyu. Ita kaɗai ta zana L'albero a farkon shekarun 1970, inda itace guda ke tsaye a wuri ɗaya yanayin shekara na sauya masa kama.

Sunan mijinta ya daɗe yana rufe nata a kan ayyukan da suka yi tare.

Bayan haka

Kamfanin Babalibri ya sake buga littattafanta a Italiya, L'École des loisirs kuma a Faransa. An baje kolin zane-zanenta na asali a birnin Bologna na Italiya a 2010.