Waiwaye: Wa Ya Yaye Direban Tirela?

Tun bayan gobarar tankar mai a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, wadda ta ci rayukan mutane fiye da 150, da wadda ta biyo bayanta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025, maganar manyan motoci ta ƙi kwanciya. A nan Katsina, da an ce tirela ta kife a hanyar Kankiya ko tsakanin Daura da Kazaure, tambaya ɗaya ake yi a majalisar bayan La'asar: wa ya ba shi lasisi? Wasu na cewa a tsaurara gwaji, wasu na cewa a ware wa manyan motoci lokacin tafiya. Daga 1 ga Maris 2025 ma an hana tankokin da ke cin lita 60,000 yin lodi. Duk shawarwari ne masu kyau. Abin da ke damuna shi ne yadda ake maganar kamar shekaranjiya ta faro, alhali ta kusa shekara arba'in tana ginuwa a gaban idonmu.

Farkon labarin kowa ya san shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, amma birnin Katsina da Daura ba su ga dogo ba. Gyaɗa da auduga da fata daga wannan yanki jaki da raƙumi suka fara ɗauka, sannan mota mai bodin katako ta karɓe su. A 1972 ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama. A 1987 aka yanke jihar Katsina daga Kaduna, a 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, daga baya aka mayar da lasisin tuƙi iri ɗaya a duk faɗin Najeriya. Dokokin hanya na 2012 sun jera rukunan lasisi dalla-dalla: A na babur, F na tarakta da injunan noma, G na mota mai kai daban da bodi daban, wato tirela da tanka. Mai neman lasisin tuƙin haya sai ya kai shekara 26, ya kawo takardar likita da shaidar makarantar koyon tuƙi, jami'an duba motoci na VIO su gwada shi. A Fabrairun 2017 aka fara tilasta na'urar taƙaita gudu a motocin haya, kuma iyakar tirela da tanka a babbar hanya mai tagwayen titi kilomita 60 ce a awa. A takarda babu abin da aka bari a baya.

Abin da ba a cika waiwaya ba ya faru ne a tasha, tsakanin tsakiyar shekarun 1980 da ƙarshen shekarun 1990, kuma ba wanda ya sa masa hannu ko ya sanar da shi.

Kafin lokacin, babbar mota tana da makarantarta, sunanta yaron mota, ko karen mota kamar yadda ake faɗa. Kawuna ta nan ya bi, kuma shekara bakwai ya yi. Shekarar farko ba ta wuce wanke mota da ɗaure tamfol da riƙon weji ba. In mota ta tsaya a hawa, yaro zai diro da gudu ya cusa wejin a bayan taya kafin ta sulalo, kuma a wannan aikin ne yake fara jin nauyin abin da ke kansa. Sannan cire taya da faci, duba mai da ruwa tun da asuba, kwana a ƙarƙashin mota yana gadin kaya. Sai ya jima kafin maigida ya ce masa, “Kai yaro, matsar da ita gaba kaɗan.” Bayan haka ribas a cikin tasha, bayan haka tuƙi ba kaya a hanya miƙaƙƙiya, maigida na gefe bai runtsa ba. Da kaya a gangara shi ne na ƙarshe. Ranar da aka yaye shi, in ji kawu, maigidan ne ya kai shi da kansa wurin gwaji, don in yaron ya faɗi, sunan maigidan ne zai zube a tasha. Lasisi a lokacin hatimi ne kawai a kan ilimin da kowa ya riga ya shaida.

Ba na cewa tsarin ba shi da aibu. Akwai duka da zagi, akwai yaran da aka ci guminsu shekaru aka sallame su hannu rabbana. Amma yana tace mutane, kuma mai gaggawa ba ya kai ƙarshensa.

Sai abubuwa suka haɗu a lokaci guda. Jirgin ƙasa ya yi rauni, kayan da yake ja suka dawo kan kwalta. Mu nan mun ma riga wasu ganin haka, domin masana'antar mulmula ƙarfe ta Katsina da aka buɗe a 1982 ta mota ake kawo mata ɗanyen ƙarfe tun daga Aladja kusa da Warri. A 1986 aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sabbin manyan motocin da ake harhaɗawa a Kano da Bauchi da Inugu da Ibadan suka fi ƙarfin mai saye. Kawunan tirela na hannu daga Turai suka cike gurbin. Suna da araha in an kwatanta, suna ɗaukar ninkin abin da mai bodin katako ke ɗauka, sai duk wanda ya sami ɗan jari ya sayi ɗaya. Masu mota suka yawaita, kuma da yawansu ba su taɓa riƙe sitiyarin babbar mota ba. Dā mai mota ko dai tsohon direba ne, ko kuma yana da tsohon direban da ba ya ƙetare maganarsa. Sabon mai mota kuwa bashi ke kansa, motar da ke tsaye asara ce, kuma ba shi da idon da zai bambance yaron da ya nuna da wanda bai nuna ba. Motoci suka fi ƙwararrun direbobi yawa. Yaron da ya kamata ya ƙara shekara huɗu a gefen maigida sai wani ya kira shi gefe ya miƙa masa makulli. Wane yaro ne zai ƙi?

Ga kuma abin da ya fi muni: motar da kanta ta canza. Wanda ya iya mai bodin katako bai iya tirela ba. A ribas, in kana son bodi ya tafi hagu, dama za ka fara murzawa. A kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yankowa ciki, shi ya sa mai babur da ya raɓa gefenta a shataletale yake cikin haɗari ko da direban ya gan shi. Birkinta na iska ne, sai an jira tanki ya cika kafin a tashi, sai an riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a cikinsa, sai an tabbatar igiyoyin iskan da ke haɗa kai da bodi sun zauna daidai. In aka yi ta danna birki a doguwar gangara maimakon a sauka da ƙaramar giya, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. In aka taka shi da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi, bodi na iya turo kai su lanƙwashe kamar gwiwar hannu. Buhun siminti 600 tan 30 ne, kuma in gudu ya ninka, tazarar tsayawa sau huɗu take ƙaruwa. Tankar da ba ta cika ba, man cikinta yana tafiya gaba da baya yana tura motar. Shanun da aka loda a Mai'aduwa ko Charanchi su ma kaya ne mai motsi, in suka karkata gefe ɗaya a kwana, motar za ta bi su. Wato a daidai lokacin da abin koyo ya ƙaru, a lokacin ne kwanakin koyo suka ragu.

Da aka zo gyaran lasisi daga baya, musamman sabon kati mai hoton yatsu na 2011 da sharaɗin makarantar koyon tuƙi, an magance matsala ta gaske, wato lasisin jabu da mutum ɗaya mai lasisi uku. Sai dai makarantun koyon tuƙi da muke gani a gari da ƙananan motoci suke koyarwa, kuma ba laifinsu ba ne. Kan tirela da bodinta da gas ɗin da za ta sha da filin da za a yi ribas a ciki sun fi ƙarfin mai ƙaramar makaranta. Haka aka wayi gari da hanyoyi biyu da ba su haɗu ba. Ta tasha tana da mota amma ba ta ba da takarda, kuma ta gajarce. Ta makaranta tana ba da takarda amma ba kasafai take da motar ba. Shekarun da yaro ya yi yana bin mota ba a rubuce suke a ko'ina ba, ko bakwai ne ko wata bakwai. Manyan kamfanoni masu ɗaruruwan motoci sun iya buɗe wa kansu wurin horo. Mai mota ɗaya ko biyu, wanda shi ne ya fi yawa a tashoshinmu, yana nan a kan “wane ya ce yaron ya iya”.

Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, matasa masu tafiya kudu neman kuɗi suka ƙara yawa a saman buhuna da shanu. Kuskuren da dā zai tsaya a asarar kaya yanzu gawarwaki ake ƙirgawa.

Ana shimfiɗa dogon Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, kuma in ya kammala zai rage wa kwalta wani nauyi. Akwai cibiyar fasahar sufuri a Zariya tun 1986, ga jami'ar sufuri a Daura. Tsofaffin direbobin da aka yaye a tsohon tsari kuwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kawuna ya ajiye tuƙi tuntuni, idonsa ya yi rauni. Har yanzu in yana zaune a ƙofar gida tirela ta wuce, daga ƙarar canjin giya yake gane ko direban ya daɗe a gefen maigida. Kwanakin baya na tambaye shi yara nawa ya yaye. Ya ƙirga da yatsu ya ce huɗu, a shekara talatin.