Binciken salsala a birnin Kano

Binciken salsala shi ne mutum ya bi diddigin iyaye da kakanninsa, wa ya haifi wa, daga ina suka taso, wace unguwa suka sauka, wace sana'a suka riƙe. Wasu su ce asali, malamai su ce nasaba. A Kano abin ba baƙo ba ne, don har gobe ba a ba da aure sai an tambayi ɗan gidan waye, kuma a rabon gado dole a san wa ke ciki wa ke waje. Sannan ga zumunci, wanda addini ma ya kwaɗaitar a san dangi saboda a sadar da shi.

Inda ake fara shan wuya shi ne suna. Mu ba mu da sunan gida guda ɗaya da ake gada kamar Turawa, yaro sunan ubansa yake ɗauka, jika kuma ya ɗauki na nasa uban, wani ma da ya shiga makarantar boko sunan unguwa ko gari aka liƙa masa, Koki ko Yakasai ko Bichi, to kafin a je hawa na huɗu zaren ya tsinke. Ga kuma alkunya, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan miji ko suruki, sai ka ga duk gida ana cewa Malam ko Baffa ko Inna har a binne mutum jikoki ba su taɓa jin sunansa na yanka ba. Amma al'adar mayar da suna tana taimakawa, in ka ji ana ce wa yaro Abba ko yarinya Ummi to yawanci sunan wani kaka ne ke kansu, sai ka tambaya wane ne.

Shi ya sa ake farawa da tsofaffi tukuna kafin takarda, musamman mata, gwaggo da iya da kaka, don su ne suka san auratayya, suka san wace ce ta fita da ciki, wa aka ba wa riƙo, wa ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba. Maza sukan lissafo ɓangaren uba kawai su tsaya, kuma a ganina nan ne babbar asara, saboda dangin uwa su ne suke fara ɓacewa. Tsoho ba zai ce maka shekara kaza ba, cewa zai yi zamanin sarki wane, to sai ka auna: Abbas 1903 zuwa 1919, Usman har 1926, Abdullahi Bayero har 1953, Sanusi har 1963, Inuwa ya yi 'yan watanni a shekarar, Ado Bayero kuma daga 1963 zuwa 2014. Wani ya ce lokacin da jirgin ƙasa ya iso, wato 1911, ko zuwan Sarauniyar Ingila a 1956.

Unguwa ita kanta shaida ce. Agadasawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, sunayen sun faɗi daga inda mutanen suka zo, Ayagi ta Yarbawa ce tun da daɗewa, Dandalin Turawa kuma Larabawan Arewacin Afirka ne suka zauna. Agalawa da Tokarawa fatake ne da suka yi fice a safarar goro daga Gwanja, Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955 daga Agalawa yake. Gidajen Fulani masu sarauta su ma kowa da nasa, Sulluɓawa ke riƙe da sarautar Kano tun Ibrahim Dabo a 1819, Madaki na Yolawa ne, Makama na Joɓawa, Sarkin Bai na Dambazawa. Tsagar fuska ma da alama ce ta dangi, yanzu ta kusa ƙarewa.

Ta fannin rubutu, wanda aka fi sani shi ne Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, wanda ya jero sarakuna daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, wani Baturen mulkin mallaka mai suna Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Akwai kuma Asalin Wangarawa na wajen 1650, kan zuriyar Shehu Abdurrahman Zaite. Sai dai waɗannan na sarakuna ne da malamai, ɗan marini ko ɗan majema ba zai ga kakansa a ciki ba. Abin da ya fi amfanar talaka yana cikin gida, a tsohuwar adaka ko gafaka: malamai kan rubuta haihuwar 'ya'yansu da rasuwar manya a bangon littafi da lissafin Hijira, ga ijaza, wato takardar izinin karantarwa mai jerin malamai, ga takardar cinikin gida da ta rabon gado daga kotun alƙali, wadda takan kawo sunayen magada kaf har da mata. A waje kuma akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna mai fayilolin lardin Kano na zamanin Turawa, rahoton gundumomi da haraji da naɗin hakimai da dagatai, da Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna da aka kafa a 1970, sai hukumar tarihi da al'adu ta jiha a Gidan Ɗan Hausa. Takardar haihuwa kam kada a dogara da ita sosai, dokar da ta tilasta rajista a duk ƙasa ta 1992 ce, kuma tsofaffi da yawa shekarun da ke takardar rantsuwarsu ta kotu kintace ne.

Akwai wuraren da ake taka a hankali. Yaƙin basasa kan sarautar Kano tsakanin Tukurawa, magoya bayan Sarki Tukur, da Yusufawa, magoya bayan Yusufu, da ya ɓarke a 1893 ya tarwatsa gidaje, zuwan Turawa a 1903 ya sa wasu suka yi hijira gabas, zuriyarsu na Sudan har yau. Ga batun bauta da sai 1936 aka soke ta gaba ɗaya a Arewa, gidaje da dama ba sa son a tono, kuma haƙƙinsu ne, bai kamata mai bincike ya kwashi sirrin mutane ya watsa a Facebook ba. Ɗaya ɓarnar kuma ita ce ƙirƙira, kowa so yake salsalarsa ta ƙare a gidan sarauta ko sharifta, sai a tsallake kakanni uku a haɗa da wani babban suna, alhali wanda kakansa maƙeri ne ko ɗan koli a kasuwar Kurmi shi ma tarihi gare shi cikakke. Duk sunan da aka samu a baki guda a nemi baki na biyu daga wani reshen gidan, a rubuta wa ya faɗa da ranar da ya faɗa, in ya yarda a ɗauki muryarsa a waya.

Gwajin ƙwayar halitta da kamfanonin Amurka ke yi da yawu yana iya nuna yankin da jinin mutum ya fi kama da shi, wani lokaci ya haɗa shi da ɗan'uwa na nesa da shi ma ya yi gwajin, amma ba ya ba da sunan kaka ko unguwa, kuma a fiƙihu nasabar ɗa aure take bi.